Haƙoran Ladi da Na Ƙi Cirewa

Jiya da hantsi na ga ɗaya daga cikinku a bakin ruwa, can wajen Água de Meninos. Ya zaunar da wani ɗan dako a kan akwati, ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya fizge masa turmi da awartakin maƙera, jama'a suna tafi. Ba zan kama suna ba, ga shi can ya sunkuyar da kai. Haƙori kam ya fita, ban musa ba. Amma ko leƙa bakin mutumin bai yi ba kafin ya sa ƙarfe. Shi ya sa na ce ku matasan wanzamai ku taru yau. Da Hausa zan yi magana, don ita ce ba ta yi mini nauyi. Na san yawancinku a nan aka haife ku. Wanda wata kalma ta shige masa duhu ya tambayi na kusa da shi da Nago, harshen mutanen Ikko, ko da Fotugis.

Ni dai Audu ne, ko da yake José aka rubuta a takardar Turawa. An sauke ni a garin nan ina saurayi, gemu bai gama tsirowa ba, 'yan shekaru kafin a hana jirage kawo bayi. Wanda ya saye ni mai kantin yadi ne. Da ya ga ba ni da ƙirar ɗaukar kaya, sai ya kai ni wurin wani tsohon wanzami in koyi sana'a. Wanzamin nan shi ne Baba Sambo, Bakatsine, wanda ya daɗe da fansar kansa. Ɗakinsa yana ƙarƙashin wani bene a gangaren Ladeira da Praça. Ba shi da taga, saboda haka duk aikin baki a bakin ƙofa muke yin sa, inda haske yake.

Kayan Baba duka a zabira ɗaya suke. Asake huɗu, ƙahonni uku, awartaki babba da ƙarami, da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasasshen baki na kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora. Akwai tulun matsattsaku a bayan ƙofa. Akwai kuma abin da Turawa ke kira makulli, ƙarfe ne mai ƙugiya da mariƙin icce, a maƙala shi a haƙori a murɗa. Shi kuke sha'awa, na sani. To ni shekara guda cur ban taɓa shi ba sai don in wanke. Abin da Baba ya ba ni shi ne cokalin icce, ɗan siriri, na danne harshe da ɗaga kumatu. Aikina in riƙe kan mutum, in duba, in faɗi abin da na gani. In na ce, "Baba, haƙori ne ya ruɓe," sai ya ce, "Wannan ko da hanci ana gane shi. Me kuma ka gani?"

Wani matuƙin kwalekwale ne ya fara buɗe mini ido. Ya zame a kan matakalar bakin ruwa, ya fasa leɓe ta ciki har nama ya rabu, ya kuma yanke a ƙwauri. Ciwon ƙafar bai kai rabin na bakin ba. Muka wanke duka biyun da ruwan gishiri, muka ɗaure ƙafar. Bayan kwana biyar ya dawo. Leɓen ya haɗe, sai ɗan farin layi. Ƙafar kuwa ta kumbura tana fitar da mugunya, sai da ta ci wata guda.

Baba ya ce, "Audu, mutum ɗaya, faɗuwa ɗaya, rana ɗaya. Me ya raba su?"

Na ce ko don ƙafa ta fi kusa da ƙasa.

Ya ce, "Bakin da ke cin kifi da barkono da taba ai bai fi ƙafa tsabta ba. Ɗaga harshensa."

Na ɗaga. Sai ga ruwa ya taru a ƙarƙashin harshen, ina kallo yana ƙaruwa.

"Ka ga wanda ya yi aikin," in ji Baba. "Yawu ba ruwa ba ne kawai. Akwai abin da Allah ya sa a cikinsa, ban san sunansa ba. Yana wanke haƙori, yana hana ƙazanta yaɗuwa, yana haɗe ciwo. Mu 'yan taya aiki ne. Duk bakin da ka buɗe, shi za ka fara nema. In ba ka same shi ba, mayar da ƙarfenka zabira."

Daga nan na fara gane mutane ta bakinsu. Masu ɗaukar Turawa a kujera, waɗanda ke hawa da sauka tsakanin garin sama da garin ƙasa baki buɗe saboda haki, haƙoran gaba ke fara lalace musu, dasashi ya yi ja. Mata masu yin alewa, da mutanen da ake kawowa daga gonakin rake na hayin teku, turame ke tafiya, don ba sa ba baki hutu: kafin yawu ya gama wanke zaƙin farko sun jefa na biyu. Tsofaffin mutanenmu kuwa, masu asuwaki kafin kowace salla da ɗan ɓarin goro in jirgin Ikko ya kawo, za ka tarar mutum ya haura saba'in yana fasa ƙashin kaza. Asuwaki yana gogewa, gaskiya ne, amma rabin aikinsa taunar ce, ita ke sa yawu ya zubo. A shekara ta biyu Baba ya ba ni makulli. A ta bakwai na fanshi kaina, na ci gaba da zama tare da shi.

Sai shekarar amai da gudawa. Iyayenku sun ba ku labari, ba sai na maimaita ba. Amalanke na yawo yana kwasar gawa, kasuwa ta watse. Baba ya yi wa mutum aski ranar Talata da safe, ranar Laraba bayan la'asar muka binne Baban. Zabira ta dawo hannuna.

Wani magini, mutumin Nago, shi ne aikina na farko ni kaɗai. Ciwon ya kama shi ya sake shi, bai fi mako guda da tashi ba ya zo da turmi yana masa zogi. Na ɗaga harshensa, na ga wurin a bushe ƙamas. Da idona na gani. Amma yana ta roƙo, ni kuma na ce a raina ai haƙori ɗaya ne. Na sa makulli, ya fita salin alin. Bayan kwana uku ramin bai rufe ba, ya yi baƙi. Bayan mako muƙamuƙi ya kumbura har ido ya rufe. Bai mutu ba, amma sai da wani ɓangaren ƙashi ya ruɓe ya fita, bakinsa ya karkace har ƙarshen ransa. In mun haɗu a hanya tsallakewa yake yi. Labari ya bazu cewa gwanintar ta bi Sambo kabari. Wata huɗu ba wanda ya buɗe mini baki, sai aski da ƙaho.

Ana cikin haka Tanko ya zo. Shi ba ku san shi ba, amma kun san matarsa: Inna Ladi mai ƙosai ta Largo do Teatro, wadda ta rasu bara. A lokacin ba ta kai talatin ba, kuma baiwa ce, mai girki a gidan wata Baturiya a garin sama. Tanko ya riga ya fanshi kansa, yana ɗaukar kujera. Bazazzagi ne, ita Bakanuwa, a nan suka haɗu, wani malami ya ɗaura musu aure a ɓoye.

Ya tsuguna a bakin ƙofata, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Wanzam, za a sayar da Ladi."

Na ce, "Subhanallahi. Laifin me?"

"Girkinta ya lalace. Tun da ta tashi daga ciwon nan ba ta jin ɗanɗano, sai ta zuba gishiri har a kasa ci. Ga bakinta yana wari, haƙora biyar suna ciwo. Sinya ta ce a cire su duka ko warin zai tafi. In bai tafi ba, dillali ya riga ya zo ya gan ta. Jirgin kudu zai tashi nan da mako uku."

Sinya ita ce uwargidan, haka bayi ke kiran matan Turawa. Kudu kuwa gonakin gahawa ne, inda a lokacin ake ta kwasar mutane ana kaiwa. Wanda aka kai can ba a ƙara jin ɗuriyarsa.

Na ce, "Ka san abin da ake faɗa a kaina?"

Ya ce, "Na sani. Sauran wanzamai sun ce ba sa shiga gidan Turawa a wannan marra. Kai kaɗai ka rage."

Washegari da hantsi muka shiga ta ƙofar baya. Na zaunar da Ladi a tsakar gida inda rana ke faɗowa. Ta rame, leɓɓanta sun tsattsage. Muka gaisa, ina jin harshenta yana ɗan ƙara a ganɗa duk kalmar da ta furta. Na sa cokalin icce a cikin kumatunta, da na zo zarewa sai ya manne kamar an shafa ƙaro. Harshen ja wur, ya daddare. Ƙarƙashinsa babu ko ɗigo. Haƙora biyar ɗin duk a gindi suka ci, daidai bakin dasashi, launin ƙasa-ƙasa, da laushi in an taɓa. Ɗaya ne kawai ya ruɓe har ciki.

Na ce wa Tanko ya ɗebo mini garin rogo a madafa. Na zuba mata kaɗan a tafin hannu na ce, "Ladi, tauna wannan, kada ki haɗiye. Yi ta taunawa sai na ce ki bari."

Ta yi ta fama. Can na ce, "Me kika ji?"

Ta ce, "Yashi, Malam." Ta yi tari, garin ya fito a bushe kamar yadda ya shiga.

Wannan gwajin Baba ne, ku gwada yau in kun koma gida. Baki mai lafiya in ya daɗe yana tauna garin rogo, garin zai narke ya koma zaƙi-zaƙi ba tare da an sa masa komai ba. Yawu ne ke juya shi. Shekaru da yawa bayan haka wani ɗalibin likita da nake yi wa aski ya ce mini malamansu na Turai sun gano abin da ke yin wannan aiki a cikin yawu, har sun raɗa masa suna. Ya faɗi sunan, na manta kafin in gama masa gemu.

Na ce wa Ladi, "Me kike sawa a baki da rana?"

Ta kwance bakin zane, sai ga guntun mazarƙwaila. "In na tsotsa ina samun ɗan sauƙi. Har barci nake yi da ita a kumatu."

"Magani fa? Kina shan wani abu?"

Ta dubi Tanko, sannan ta ce akwai wani ruwa mai ɗaci a ƙaramar kwalba, wanda likita ya ba gidan lokacin ciwo don tsayar da gudawa. Ɗiga shi ake yi a ruwa. Maigidan ya sha bai tashi ba, ita ta sha ta tashi. Tun daga nan Sinya take ba ta safe da yamma don tsoron kada ciwon ya dawo, wata biyar ke nan. Ta ce, "Yanzu in ban sha ba jikina ba ya mini daɗi."

Na san maganin. Na sha ganin tsofaffin Turawa masu shan sa, ɗan baƙin idonsu ya ƙanƙance, bakinsu kamar ƙirgi. Na duba idon Ladi, haka yake.

Sinya ta fito cikin baƙaƙen kayan takaba, da hankici a hanci. Ta tsaya nesa ta ce da Fotugis, "Ka gama dubawa? Cire su, ina so a gama kafin abincin rana."

Na cire hula na ce, "Sinya, ba zan cire ba."

Tanko ya ɗago kai kamar na mare shi.

Ku da kuka tashi yanzu ba ku san nauyin wannan kalma ba. Tun ranar da Musulmin garin nan suka fito da takubba daga wani gida a gangarenmu, shekara ashirin kafin nan, duk wanda aka haifa a ƙasarmu abin zargi ne, ko da ya fanshi kansa. Kalma ɗaya daga bakin mace irin wannan ta isa a kulle ka, ko a jefa ka jirgi.

Ta ce, "Me ka ce?"

Na ce, "In na cire haƙori a bakin nan yau, ramin ba zai rufe ba. Na taɓa yi, na ga abin da ya biyo baya. Ba haƙoran ne ke wari ba, bakin ne ya bushe. Abin da ya busar da shi kuwa yana cikin ƙaramar kwalbar nan."

"Likita ne ya ba da shi. Kai wane ne?"

"Ni mai aski ne, Sinya. Ban ce maganin likita mugu ba ne. An ba shi aikin tsayar da ruwa, ya tsayar. To ciwo ya wuce, shi kuma yana ta tsayarwa har na baki. Harshen da ba shi da yawu ba ya jin gishiri. Ki ba ni kwanakin da suka rage kafin jirgi. In girkinta bai dawo ba, ga ta nan da haƙoranta, dillali ma ya fi son haka."

Wannan ta ƙarshe ba ta yi wa Tanko daɗi ba, amma ita ce ta shiga kunnen matar. Sannan ta ce a hankali, kamar ba da ni take ba, tun da mijinta ya mutu ba ta ci abin da ya yi mata daɗi ba a gidan nan. Ta juya ta ce, "Har ranar jirgi. In wani abu ya same ta a hannunka, 'yan sanda zan kira."

Ga abin da na yi, ku riƙe shi. Na karɓe mazarƙwailar. Maganin kwalba ban yanke shi rana ɗaya ba, don jiki ya saba. Na ce a riƙa rage ɗigon kullum. Na sa aka aje mata butar ruwa kusa, ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan yini guda, ba ta shanye kwano a tashi ɗaya ba. Na yanka ɗanyar kuɓewa na jiƙa har ruwan ya yi yauƙi, ta riƙa kurkure baki da shi tana barin sa ya daɗe, ya zama aron yawu kafin nata ya dawo. Man kwakwa a leɓe. Na yanko mata asuwaki daga ɗanyen reshen lemo, na dandaƙa bakinsa ya yi laushi, na ce taunawa nake so ba gogewa ba, don dasashin bai da ƙarfin guga tukuna. Tanko ya zaga wajen 'yan Ikko ya samo goro. Ɗan ɓalli bayan cin abinci, ɗacin ya tsokano yawu. Na nuna mata yadda za ta riƙa murza kumatu daga gaban kunne zuwa ƙasa, da ƙarƙashin haɓa. Na roƙi Sinya a ɗauke ta daga gaban murhu, wata baiwar ta riƙe girki. Kullum da hantsi nakan je in ɗaga harshe in duba.

Kwana huɗu ba abin da ya canza. Rana ta biyar na tarar da gidan a hargitse. Ladi tana kwance a ɗakin baya tana rawar sanyi, ciki na murɗa, ta zaga sau uku tun asuba. Sauran bayin sun tsere ƙarshen tsakar gida. Sinya tana kan matakala tana ihu wai na dawo mata da annoba, ta riga ta umarci wani bawanta ya je ya kira 'yan sanda.

Na ce, "Sinya, ki bari in duba tukuna. In ita ce, ni da ƙafata zan bi shi."

Na shiga. Masu amai da gudawa da na gani a shekarar nan sun fi a ƙirga, kuma da hannuna na wanke Baba. Nasu bayan gida fari ne kamar ruwan shinkafa, ido ya faɗa, fatar yatsu ta yamutse, ko mutum yana kuka babu hawaye. Ladi kuwa gumi take yi, tana hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, hawaye na bin kumatu alhali ba kuka take ba. Na taɓa hawayen da yatsa. Wata biyar ke nan bakinta a bushe, yau ga ruwa ta ko'ina.

Ta kama hannun rigata ta ce, "Malam, don Allah a ba ni maganin. Mutuwa zan yi."

Na ce, "Ba za ki mutu ba, in Allah ya yarda. Ni ne na yi gaggawa, na rage da yawa. Za a ƙara miki kaɗan, mu sauko a hankali."

Na fito na gaya wa Sinya ba annoba ba ce, maganin ne ke fita daga jiki. Ta ce da me za ta yarda. Na ce annobar nan ba ta jan rai. Zan zauna a tsakar gida har la'asar, in idon Ladi ya faɗa a kira su, za su same ni a nan zaune. Sai ta dakatar da bawan. Na zauna a gindin mangwaro da zabira a cinya, ina shiga lokaci-lokaci ina ba Ladi ruwan shinkafa mai ɗan gishiri cokali-cokali. Tanko ya aje aiki ranar, yana tsaye a waje bakin ƙofar baya, ba a bar shi ya shigo ba. Da la'asar ta yi, Ladi ta tashi zaune ta ce tana jin yunwa. Sai a lokacin na tuna ban yi azahar ba.

Rana ta goma sha ɗaya cokalin ya shiga ya fita bai manne ba. Ta goma sha uku na ɗaga harshe, na jira, sai ga ɗan ƙyalli a ƙasa, ɗigo ɗaya, sannan wani. Na ce a kawo garin rogo.

Ta yi ta taunawa, idonta a ƙasa. Tanko ya tsuguna a gabanta yana kallon bakinta kamar mai jiran hukuncin alƙali. Can sai ta daina. Ta ɗago.

"Malam," ta ce, "wa ya sa sukari a garin nan?"

Tanko ya ce, "Wallahi ba wanda ya sa, daga buhu na ɗebo." Sai ya dube ni ya ga ina dariya, ya kifa fuska a tafin hannu.

Sai a rana ta goma sha biyar na buɗe zabira. Na kankare dattin gindin haƙoran a hankali. Ɗayan da ya ruɓe har ciki na cire shi da ƙaramin awartaki, ba da makulli ba, don makulli yana murƙushe dasashi. Na sa ta ciji tsumma mai tsabta, na hana ta kurkure baki ranar don kada jinin da ya daskare a ramin ya fita. Kwana na uku na duba: ja ne mai kyau, gefe da gefe suna matsowa. Sauran huɗun ban taɓa su ba. Da yawu ya dawo yana wanke su, aka kuma daina kwana da zaƙi, sai wuraren nan masu laushi suka yi duhu suka taurare, zogi ya tafi. Da su ta rayu kusan shekara talatin. Duk wanda ya taɓa ganin dariyar Inna Ladi ya gan su.

Saura kwana biyu jirgi ya tashi Sinya ta ce Ladi ta koma madafa. Miyar kuɓewa ta yi, irin ta garin nan, da manja da busasshen jatan lande. Ina tsakar gida ina hango ta: ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri ɗan mitsitsi, ta sake ɗanɗanawa, ta aje cokali. Aka kai sama. Ni da Tanko muka zauna muna jira. Ba a daɗe ba kwanon ya sauko wayam, da saƙon a ƙaro.

Dillalin ya zo bayan azahar da mutum biyu a bayansa. Mun ji muryarsa a sama, doguwa, mun ji ta Sinya, gajeriya. Sai ga shi ya fito ta ƙofar baya, ta gabanmu, fuska a murtuke. Ya tsaya ya dubi Ladi sama da ƙasa yadda ake duban akuya a kasuwa, ya ce zai sake zagayowa baɗi, ya wuce. Bai taɓa samun ta ba. Bayan shekara huɗu Tanko ya fanshe ta, ni kuma tun a watan nan masu kujera suka fara dawo mini da bakunansu. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar dai, da dillalin ya wuce, Ladi ta bi shi da ido har ya sha kwana. Sannan ta taka zuwa bakin ƙofa, ta tattara abin da ke bakinta, ta tofa a kan dutsen da ya taka.

Tanko ya ce, "Ke Ladi! In wani ya gani fa?"

Ni kuwa na matsa na durƙusa na duba. Fari tas, ba kauri, ba jini, ya kai cikin cokali.

Na ce, "Ƙyale ta, Tanko. Miƙo mini zabirata. Aikina ya ƙare a gidan nan."